Iska da Ruhu: Baye-bayen Ruhu Mai Tsarki Tsakanin Kiristocin Ƙasar Malumfashi

Gabatarwa

Tun daga shekarun 1970, a majami'un Kirista da yawa na Nijeriya a kan ga wani irin taron addu'a wanda ya sha bamban da sujadar da Turawan mishan suka koyar. A irin wannan taro mutane su kan ɗaga hannuwa sama, kowa yana tasa addu'ar da ƙarfi a lokaci guda. Wani ya ɓarke da magana cikin harshen da ba wanda ya san shi, wani ya faɗi ƙasa bayan an ɗora masa hannu, wata kuwa ta miƙe ta ce an nuna mata wani abu. Masu yin haka suna cewa aikin Ruhu Mai Tsarki ne, suna kiran waɗannan abubuwa baye-bayen Ruhu. A na samunsu cikin 'yan Katolika, da Angilikan, da sauran ɗarikun Kirista.

Wannan takarda za ta duba al'amarin a ƙasar noma ta kudancin Jihar Katsina, watau Funtuwa, da Bakori, da Ƙafur, da Malumfashi, da garuruwan da ke ƙarƙashinta irin su Karfi. Dalilin zaɓen wannan wuri shi ne, yawancin Kiristoci 'yan asalin ƙasar jikokin Maguzawa ne, Hausa ce harshensu na gado, kakanninsu kuma sun san bori ciki da bai. Irin waɗannan mutane ba su bukaci wani ya zo daga Amurka ya gaya musu wani abu wanda ido ba ya gani yana iya shiga jikin ɗan Adam ba. Tambayar da ta dame su ita ce, mene ne ya shiga, wa kuma ke da ikon rarrabewa? Za a ga cewa da kalmomin Hausa aka yi yawancin aikin amsa wannan tambaya.

1. Abin da a ke nufi da baye-bayen Ruhu

Sunan da aka fi sanin masu wannan tafarki da shi, watau 'yan Karismatik, ya fito ne daga kalmar Helenanci wadda ma'anarta ita ce baiwa, kyautar da a ke ba mutum ba don ya yi wani aiki ba. Hujjarsu tana wurare biyu cikin Sabon Alkawari. Na fari shi ne sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni, inda aka ba da labarin ranar Fentikos a Urushalima, ranar da almajiran Yesu suka ji ƙara kamar ta babbar iska, suka kama magana da waɗansu harsuna, baƙin da ke birnin kuwa kowa ya ji nasa. Na biyu shi ne wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 12, inda ya jera baye-baye tara: maganar hikima, da maganar sani, da bangaskiya, da warkarwa, da yin al'ajibai, da annabci, da rarrabe ruhohi, da magana da harsuna, da fassara harsunan.

Bulus ɗin nan da ya jera su shi ne kuma ya fara yi musu linzami. A sura ta 14 ya tsara kada masu magana da harsuna su wuce biyu ko uku, su yi bi da bi, a sami mai fassara, in kuwa babu su yi shiru. Ashe tun farko baiwa da doka tare suka taso. A ƙarni na 2 wani mutum a ƙasar Firijiya mai suna Montanus ya tashi da annabci, shi da mata biyu, shugabannin ikilisiya suka ƙi shi. Daga baya malaman Furotestan da yawa suka tafi a kan cewa waɗannan baye-baye sun ƙare da zamanin manzanni. Katolika ba ta musa al'ajibi ba, amma ta fi danganta shi ga waliyyai, ta kuma riƙa bincike mai tsanani kafin ta gaskata.

2. Tashin al'amarin da isowarsa Nijeriya

A shekarar 1901, a wata makarantar Littafi Mai Tsarki a garin Topeka na Amurka, ɗaliban Charles Parham suka fara magana da harsuna. A 1906 wani baƙar fata mai wa'azi, William Seymour, ya buɗe taro a titin Azusa cikin birnin Los Anjeles, daga nan ne ɗarikun Fentikos suka bazu cikin duniya. Har wajen shekara 50 tsofaffin ɗariku suna kallonsu a wulaƙance. Sai a 1960 wani limamin Angilikan a Kalifoniya, Dennis Bennett, ya gaya wa jama'arsa shi ma ya yi magana da harsuna, abin ya fara shiga tsofaffin majami'u.

Katolika ta biyo baya. Babban Taron Fatikan na Biyu, wanda ya zauna daga 1962 zuwa 1965, ya tabbatar a 1964 cewa Ruhu yana raba baye-baye ga kowane irin mai bi, amma hukuncin ingancinsu yana hannun shugabanni. A watan Fabrairu na 1967 waɗansu ɗalibai da malaman Jami'ar Duquesne a birnin Pittsburgh suka keɓe don addu'a, suka fito suna cewa sun sami baftisma cikin Ruhu. Cikin 'yan shekaru abin ya game jami'o'in Katolika, har a 1975 Paparoma Bulus na Shida ya karɓi mutanensu wajen 10,000 a majami'ar Waliyi Bitrus a Roma.

Nijeriya kuwa tana da nata tushen tun kafin wannan. Ƙungiyoyin addu'a na Aladura sun taso a ƙasar Yarabawa a zamanin annobar marisuwa ta 1918, a 1930 kuma Joseph Babalola ya tara dubban mutane a Ilesha da addu'ar warkarwa. Amma guguwar da ta kai ko'ina ita ce wadda ta tashi bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, cikin ɗaliban jami'o'in Ibadan da Ife. Ta iso Arewa ta hanyar makaranta: Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da kwalejojin horon malamai, da ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS wadda aka kafa a Gindiri a 1957, da kuma 'yan bautar ƙasa waɗanda aka fara rarrabawa a 1973. Cikin Katolika, limaman ɗarikar Dominikan na Ibadan suna cikin waɗanda suka fara shirya tarukan addu'a na Karismatik a farkon shekarun 1970. 'Yan wannan ɗarika ne kuwa ke riƙe da aikin Katolika a ƙasar Malumfashi a wannan lokaci.

3. Ƙasar da al'amarin ya tarar

Kiristocin wannan yanki iri biyu ne. Akwai baƙi, waɗanda jirgin ƙasa da cinikin auduga suka kawo Funtuwa tun bayan da aka shimfiɗa dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Su ne suka gina majami'un gari, suna sujada da Turanci ko da harsunansu. Akwai kuma 'yan ƙasa, manoman dawa da masara da auduga, mazauna manyan gidaje da ke warwatse cikin gonaki.

Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana mishan aiki cikin ƙasashen sarakunan Musulmi. An sassauta a shekarun 1930, sa'ad da aka ba mishan na SIM riƙon zangunan kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato. Bayan haka SIM ta kafa tasha a Malumfashi, majami'un da suka fito daga aikinta kuwa su ne suka zama ECWA a 1954. Katolika ta ɗanka wa 'yan Dominikan na Amurka yankin Sakkwato da Katsina a 1953, yankin ya zama dayosis a 1964, suka buɗe makarantar horon katikis a Malumfashi. A watan Oktoba na 2023 aka yanke dayosis na Katsina daga na Sakkwato, aka ba Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, wanda a ke lissafawa shi ne Bahaushe na farko da ya zama bishop na Katolika.

Sa'ad da Murray Last ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, gidaje da yawa suna nan bisa al'adar kakanni. Shekarun da suka biyo baya suka sāke wannan. Makarantar kowa da kowa ta 1976, da hanyoyin mota, da kasuwanci, da wa'azin ɓangarori biyu, suka sa zaman Maguzanci ya yi wuya. Da yawa suka musulunta, da yawa suka shiga Kiristanci. Abin lura shi ne, lokacin da Maguzawa ke shiga majami'a da yawa shi ne daidai lokacin da 'ya'yansu 'yan makaranta ke komowa gida da sabon salon addu'a. Tsohon da ya bar tsafi jiya, yau ga ɗansa yana rawar jiki yana magana da baƙon harshe da sunan sabon addinin.

4. Abin da bori ya riga ya koyar

Joseph Greenberg, wanda ya buga bincikensa kan Maguzawan ƙasar Kano a 1946, ya nuna iskoki ne ginshiƙin addininsu. Sun yarda da Allah, amma da iskoki su ke ma'amala. Maigida ya kan yi yanka ga iskokin da ya gada, irin su Kure, don gida ya zauna lafiya, gona ta yi albarka. Bori kuwa fanni ne dabam, wanda mata suka fi yawa cikinsa, yawanci kuma ciwo ne ke kai mutum gare shi.

In ciwo ya ƙi magani, aka gane iska ce, sai a yi girka. A keɓe mai ciwon kwanaki, a yi masa jiƙo da turare, a koya masa halin iskokin da ke kansa. Daga nan ya zama doki, ko goɗiya in mace ce. In makaɗan garaya ko goge suka kaɗa taken wata iska, suka yi mata kirari, sai ta hau dokinta. Kowace iska da halinta: Malam Alhaji tsoho ne mai tari da tasbaha, Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da kyauta, Sarkin Rafi mai hauka da tsalle, Kuturu kuwa ya kan dunƙule yatsu. Mai kallo da ya saba ba ya bukatar a gaya masa wadda ta zo. In iska za ta tafi, doki ya kan yi atishawa, ya farfaɗo, ya ce bai san abin da ya faru ba.

Abu uku ya kamata a riƙe daga wannan. Iska tana da suna da hali. In ta hau, mutum ya kan ɓace, ita ce ke magana. Girka kuma ba ta korar iska, sulhu ta ke ƙullawa tsakaninta da mutum har iyakar ransa.

5. Kalmomin da aka yi shinge da su

A Ibrananci da Helenanci, harsunan da aka rubuta Littafi Mai Tsarki da su, kalma ɗaya ce ke nufin iskar da ke hurawa da kuma ruhu. Hausa ma haka ta ke: "iska" tana ɗauke da ma'anonin nan biyu. Da masu fassara sun bi daidaiton harshe kaɗai, da ita za su ɗauka. Amma Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, wanda Likita Walter Miller na CMS ya yi yawancin aikinsa tare da waɗansu, ya ɗauki "Ruhu", kalmar aro daga Larabci, fassarar 1979 ma ta bar ta yadda ta ke. Dalilin a fili ya ke. "Iska" ta riga ta zama ta bori, ta kuma haifi "ɗan iska" da "iskanci". Saboda haka a sura ta 3 ta Bisharar Yahaya, inda aka yi wasa da ma'anonin biyu cikin kalma guda, mai karatun Hausa kalma biyu ya ke gani. An yi hasarar wasan kalma don a tsare shinge. Mugayen ruhohin da Yesu ya fitar kuwa aka kira su aljannu, sunan da Musulmi suka riga suka laƙaba wa iskoki.

Aikatau ma an yi zaɓe cikinsu. Iska "hawa" ta ke yi. Ba a cewa Ruhu Mai Tsarki ya hau wane, sai dai ya "sauko" masa, ko ya "cika" shi. Akwai wani ɗan bambanci a nan wanda ya cancanci lura. A bori "sauka" ita ce ƙarshen al'amari, watau iska ta bar dokinta. A majami'a "saukowa" ita ce mafarinsa, watau Ruhu ya zo daga sama zuwa inda mai magana ya ke. Tushen kalmar ɗaya ne, wasalin ƙarshe ne ya juya ma'anar. Haka nan mai baiwa ba ya yarda a kira shi doki. Hoton da ya ke ba kansa shi ne na tulu ko ƙwarya wadda aka cika ta har ta tumbatsa. Doki ya kan ce bai tuna kome ba, mai baiwa kuwa ya kan tashi ya ba da "shaida", ya faɗi abin da ya ji daki-daki.

Maganar harsuna ita ma ta bambanta. Iskar bori tana magana da muryar da ta dace da halinta, mai kallo ya gane ko Bafillatana ce, ko Bature, ko bagwari. Harshen 'yan Karismatik ba ya kwaikwayon wata ƙabila. Masanin harsuna William Samarin, wanda ya buga bincikensa a 1972, ya nuna cewa gaɓoɓi ne da mai magana ke ɗebowa daga sautukan da ya riga ya sani, yana jera su da karin murya irin na zance, amma ba su da tsarin kalma da ma'ana irin na harshen mutane. Masu yi da yawa ba su musa wannan ba, suna cewa addu'a ce wadda ta wuce kalmomi.

Kalmomin da aka aro daga Larabci sun raba Kirista da bori, amma sun kai shi cikin gonar maƙwabcinsa Musulmi. A kunnen Musulmi, Ruhul Ƙudusi Mala'ika Jibrilu ne. Wahayi na annabawa ne, annabci kuwa an rufe shi da Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata gare shi. Abin da bawan Allah na ƙwarai ke samu, malamai suna kiransa ilhami, ko kashafi, ko karama, sun kuma ajiye mu'ujiza ga annabawa kaɗai. To, in Kirista ya ce wance tana da baiwar annabci, nufinsa ta kan faɗi maganar gargaɗi ko ta ƙarfafawa cikin taro. Musulmin da ya ji zai ɗauka da'awar annabta ta ke yi, wadda ita ce mafi girman da'awa a wurinsa. Mutum biyu 'yan gari ɗaya, masu harshe ɗaya, suna iya ɓatawa a kan kalmar da kowannensu ke nufin abu dabam da ita.

6. Sulhu da kora

Turawan mishan na farko sun zo da asibiti da makaranta. Ga mai ciwo suna da allura, ga mai zunubi suna da wa'azi, amma ga matar da ta ce iskar uwarta ta biyo ta ba su da wata amsa sai su ce ta bar camfi. Ta kan yi shiru, in dare ya yi ta nemi boka. Wannan giɓi ne 'yan Karismatik suka shiga. Sun gaskata matar. Sun ce lalle akwai abin da ke damunta, aljani ne, akwai kuma wanda ya fi shi ƙarfi. Su kan kewaye ta da addu'a da waƙa, su ɗora mata hannu, su umurci abin ya fita da sunan Yesu, su ƙone layu da kayan bori.

Birgit Meyer ta nuna irin wannan cikin Ewe na ƙasar Gana a littafinta na 1999: da mishan suka mai da gumakan dā shaiɗanu, sai suka tsare musu rai cikin sabon addinin. Haka ya ke a nan. Ɗan Galadima da Sarkin Rafi ba su mutu ba, an dai sāke musu matsayi, daga abokan zama zuwa abokan gāba. Musulmi ma sun bi irin wannan hanya. Tun daga tsakiyar shekarun 1990, sa'ad da aka yi ta samun faɗuwar 'yan mata a makarantun Kano, ruƙiyya ta bunƙasa, malami yana karanta ayoyi har aljani ya yi magana, ya fita. Ɗan ruƙiyya da ɗan Karismatik ba su yarda da juna ba, amma sun haɗu a kan abu biyu: iska gaskiya ce, maganinta kuma kora ce.

Maraɗi ta nuna inda wannan ke iya kaiwa. SIM ta zauna a Tsibiri, kusa da birnin, tun 1927, majami'arta kuwa ta saba da zaman kawaici. A shekarun 1990 wata majami'ar Fentikos mai suna Vie Abondante ta shigo da kiɗa, da warkarwa, da wa'azin rediyo, ta ja samari da mata. Barbara Cooper, wadda ta buga tarihin Kiristocin Maraɗi a 2006, ta bayyana yadda a tarzomar Nuwamba ta 2000 aka kai wa wannan majami'a hari, aka kuma kai wa gidan Iya, shugabar 'yan bori. Shingen da masu fassara suka sha wahalar yi, masu tarzoma ba su gan shi ba.

Korar tana da amfaninta, tana kuma da tsadarta. Ta ba mata da samari murya a majami'ar da dā dattawa maza kaɗai ke magana, gama ba a tambayar mai baiwa takardar makaranta. Ta kwance wa mutane tsoron da suka daɗe suna ɓoyewa. Amma in an ce duk abin da aka gada na aljannu ne, sai a zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi: waƙoƙin noma, da kirarin gida, da sanin itatuwan magani. In kowane ciwo aljani ne, mai farfaɗiya da mai taɓin hankali su kan daɗe ba su ga likita ba. Mafi muni, in wani ya ce an nuna masa wadda ta kama kurwar yaro, tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata ita ce ke shan zargin maita.

7. Wa ke da ikon rarrabewa?

Cikin baye-bayen nan tara akwai rarrabe ruhohi, a kanta kuwa ɗariku suka rabu. Katolika ta buɗe ƙofa, ta kuma sa mai gadi. Ƙungiyar Karismatik tana zaune cikin majami'a kamar sauran ƙungiyoyi, ƙarƙashin fada, sabon shiga ya kan yi darasi na mako 7 kafin a yi masa addu'ar cika da Ruhu. Dokar ikilisiya ta 1983 ta hana kowa yin babbar addu'ar fitar da aljani sai limamin da bishop ya ba izini. A shekara ta 2000 Fatikan ta fitar da ƙa'idodin addu'ar warkarwa, ta hana hargowa da wasan kwaikwayo cikinta, ta kuma ce addu'a ba ta hana neman magani. A 2019 Paparoma Faransis ya haɗa hidimar ƙungiyoyin ƙarƙashin ofishi ɗaya mai suna CHARIS. Tsananin gadin ya bayyana a kan Emmanuel Milingo, babban bishop na Lusaka a Zambiya, wanda aka kira Roma a 1982 saboda tarukansa na warkarwa, ya sauka daga kujerarsa a 1983.

ECWA ta gaji tsantseni daga SIM game da harsuna, ta fi dogara ga wa'azi da karatun Littafi. Samarin da abin bai ishe su ba su kan koma sababbin majami'u irin su Deeper Life, wadda ta faro a Legas a 1973, ko Living Faith, wadda ta yi ƙarfi a Kaduna tun shekarun 1980. A majami'un Fentikos masu zaman kansu, wanda ya kafa ita shi ne mai baiwar, shi ne kuma alƙalinta. A ƙauye kuwa, inda fada ko fasto ke zuwa jefi-jefi, nauyin rarrabewa ya kan faɗa kan katikis, ko mai bishara, ko shugabar Zumuntar Mata. Su ne za su ce wa mai rawar jiki ya zauna, ko su bar shi ya yi magana, alhali sun san kakarsa, sun kuma san iskar da ke hawanta.

Akwai kuma maƙwabta. Kiristan ƙauye a ƙasar Malumfashi yana cin kasuwa ɗaya da Musulmi, sau da yawa ma kakansu ɗaya. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987, daga taron wa'azin ɗalibai, ya kai har Funtuwa, aka ƙone majami'u. A Oktoba na 1991 shirin taron warkarwa na Bajamushen nan Reinhard Bonnke ya jawo tarzoma a Kano, aka yi hasarar rayuka. Saboda irin wannan ne dattawan majami'un ƙauye ke ja wa samari kunne game da lasifika da kalmomin yaƙi cikin addu'a. Mai wa'azin da ya zo daga nesa zai koma inda ya fito, su ne za su kwana a garin.

Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan bayani shi ne, baye-bayen Ruhu sun sami karɓuwa a ƙasar Malumfashi domin sun amsa tambayar da bori ya bari, wadda tsohuwar mishan ta ƙi saurara. Kamannin da ke tsakanin taron Karismatik da wasan bori, watau kiɗa, da rawar jiki, da faɗuwa, da baƙuwar murya, su ne suka tilasta wa masu bi su tsananta bambanci cikin magana: Ruhu maimakon iska, saukowa maimakon hawa, cika maimakon ɓacewa, kora maimakon girka.

Ga mai nazarin Hausa akwai aiki a nan. Shaidar da a ke bayarwa a majami'a, da addu'o'in kora, da waƙoƙin Zumuntar Mata, adabin baka ne, ya kamata a ɗauke su a rubuta yadda aka rubuta kirarin iskoki, a gwada su da juna, a ga abin da ya ƙetare shingen. Tsofaffin da suka ga girka da idonsu, suka kuma ga farkon tarukan addu'a, suna ƙarewa. Ga malamin kwaleji kuwa, wanda ajinsa ya haɗa Musulmi da Kirista, ya kamata ya san ma'ana biyun da ke cikin "ruhu", da "wahayi", da "annabci", ya bayyana wa ɗalibansa su tun gardama ba ta tashi ba. In kuma ɗaliba ta faɗi a ɗakin kwana, waɗansu suka ce a kira mai ruƙiyya, waɗansu suka ce a kira 'yan addu'a, wajibinsa ne ya sanar da iyayenta, ya kuma tabbata likita ya duba ta.